Martani: Lambar Da Ke Jikin Rile Ba Ta Isa Hujja Ba

Wani yaro daga cikin waɗanda nake koya wa aikin lantarki ne ya kawo mini wani rubutu kan yadda ake zaɓen rile, fuskarsa cike da fara'a, don a ganinsa an zo masa da hanyar da za ta raba shi da karatun takardun masana'anta da nake takura musu a kai. Na karɓa na karanta sau biyu. Daga yadda marubucin ke jera zancensa ka san ba baƙo ba ne a sana'ar, hannunsa ya sha ƙunar dalma. Abin da ya koyar kuwa gajere ne. Ya ce in za ka zaɓi rile, ka raba wat ɗin kayanka da bolt, ka ninka abin da ka samu sau biyu, ka shiga kasuwa ka sayi wanda lambar jikinsa ta kai haka ko ta fi. Ya ƙara da cewa rilen mota mai am 40 ya fi kowanne araha da ƙarko, saboda haka a riƙa sa shi a aikin sola da na wutar gida. Daga ƙarshe ya nuna cewa takardar bayanin da kamfani ke fitarwa ta injiniyoyin ofis ce, mai gyara na bakin titi ba ya bukatarta.

Ban yarda ba, kuma ba son jayayya ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da a shagonsa kaɗai Malam marubucin yake aiki da wannan ƙa'ida, da na bar shi da abarsa, don ƙwararren hannu yakan toshe ɓarakar ƙa'ida ba tare da mai shi ya lura ba. Amma ya rubuta ta ne ga masu koyo, su kuwa abin da suka gani a rubuce shi suke bi sau da ƙafa, kuma a gidajen mutane za su je su gwada.

Akwai inda ya yi gaskiya, ba zan ci masa haƙƙi ba. Barin rata tsakanin abin da kaya ke ja da abin da rile ke iya ɗauka ɗabi'a ce mai kyau. Idan abin da za a kunna dutsen guga ne, ko hitar ruwa, ko wani abu da aikinsa kawai ya yi zafi, lissafinsa zai fito daidai, don irin waɗannan kaya abin da suke ja a farko shi suke ja har ƙarshe. Matsalar ita ce ya ɗauki hukuncin hita ya yanke wa famfo da fitila da batir, alhali kowannensu da irin halinsa.

A fara da abin da ke cikin ɗan akwatin rile. Siririyar wayar tagulla ce aka naɗe a jikin ƙarfe, ita muke kira kwayil. In wuta ta bi ta cikinta sai ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan hannu, hannun ya haɗa ƙwayoyin azurfa biyu da zan riƙa kira haƙora. Ta cikin waɗannan haƙora wutar lodi ke wucewa. Dabarar tsohuwa ce, tun wajen 1835 Joseph Henry ya gwada ta a Amurka, kuma aikinta na farko a wayar tangaraho ne, inda ɗan ƙanƙanin sigina da ya galabaita a doguwar tafiya yake kunna wata sabuwar wuta ta ci gaba da saƙon. Siffar ba ta canja sosai ba daga wancan zamani. Kayan da muke ɗora mata ne suka canja.

Rile ba ya wahala sa'ad da haƙoransa ke haɗe, wuta na wucewa abinta. Wahalarsa a lokuta biyu take, lokacin haɗuwa da lokacin rabuwa. Sa'ad da haƙoran suka bugi juna ba sa tsayawa nan take, sai sun yi 'yan tsalle-tsalle na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma kowane tsalle da tartsatsinsa. In wutar da ke kwarara a daidai wannan lokaci mai yawa ce, azurfar ta narke, haƙoran su manne kamar an yi musu walda. A wajen rabuwa kuma wutar ba ta son a katse ta, sai ta bi iskar da ke tsakani ta zama harshe mai cin ƙarfe. Ashe tambayoyin da ya kamata mai zaɓen rile ya yi wa kansa su ne: nawa ne ke wucewa a daidai lokacin haɗuwa, kuma yaya taurin kan wutar yake a lokacin rabuwa? Raba wat da bolt ba ya amsa ko ɗaya daga ciki. Abin da yake faɗa maka shi ne wutar da ke gudana bayan komai ya daidaita, wato lokacin da rile ya riga ya tsallake haɗarin.

Ɗauki ɗan shuɗin rilen nan da ya cika shagunan Sabon Gari, wanda ake gani a allunan Arduino. A bayansa an buga am 10 a kan bolt 250. Buɗe takardar kamfanin da ya ƙera shi, za ka tarar cewa in lodin mai kwayil ne, irin motar famfo ko taransifoma, nau'in mai ƙafa biyar am 3 aka yarje masa. Kamfanin bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye ba. Bayan rilen ne ba shi da faɗin da zai ɗauki dukkan sharuɗɗan, sai aka buga lamba mafi girma aka bar sauran a takarda, takardar da Malam ya ce kada a damu da ita.

Mu gwada ƙa'idarsa a kan sumo, tunda shi ne aikin da yaranmu suka fi samu yanzu da kowane gida ke haƙa burtsatse. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Raba da 230, ka samu am 3.2, ninka sau biyu, 6.4 ke nan. Bisa koyarwar Malam ɗan shuɗin rile ya isa har da saura. To amma wat 746 ƙarfin da motar ke fitarwa ne, abin da take zuƙa daga layi ya fi haka, yakan kai am 5 zuwa 6 tana cikin gudu. Wannan ma ƙaramin zance ne. Motar da ke tsaye cik, kafin ta fara juyawa, tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ja a guje. Wato am 30 ko fiye ne ke afka wa haƙoran a daidai lokacin da suke tsallen nan. Ninki biyu ina zai je a nan?

Na ga ƙarshen irin wannan da idona. An taɓa kirana wani gida da asuba, ruwa ya malale tsakar gida har ya fita waje. Wani matashi ne ya haɗa musu na'urar da ke kunna sumo in tanki ya yi ƙasa, ta kashe in ya cika. Aikinsa tsaf, wayoyinsa a jere, lissafinsa kuma irin na Malam ne sak. Na'urar ta yi 'yan watanni lafiya lau. A daren da abin ya faru tanki ya cika, allon ya cire wa kwayil wuta kamar yadda aka tsara, amma haƙoran sun riga sun manne, famfon bai tsaya ba. Ya yi ta ja har ruwan rijiyar ya janye, ya ci gaba da gudu a bushe har ya ƙone. Da na fasa rilen, haƙoran sun yi baƙi ƙirin, sai da na sa filaya na raba su. Kuɗin rilen bai kai na kwanon abinci ba. Maigidan kuwa sai da ya sayi sabon sumo, ya biya masu fito da tsohon, iyalinsa suka yi kwanaki suna sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Matashin ya fi kowa ba ni tausayi, don ba ganganci ya yi ba, abin da aka koya masa ya bi.

Masu ƙera kwantakta, wato babban rile, sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa ba da lamba guda. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60947 ta kasa lodi gida-gida. AC-1 na kayan zafi ne irin hita, AC-3 na kunna mota da kashe ta. Duba ƙaramin kwantaktan Schneider mai suna LC1D09, wanda masu wayarin da yawa suka sani: am 25 ne a AC-1, am 9 a AC-3. Ƙarfe ɗaya, haƙora ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki uku, don kawai an canja abin da aka ɗora masa. Wanda ya duba 25 ya sa wa motar am 12 yana ganin ya bar rata ninki biyu, alhali ya riga ya wuce iyaka. Aikin sumo na ƙwarai shi ne ƙaramin rile ya kunna kwayil ɗin kwantakta, kwantakta ya ɗauki famfo, a bayansa kuma a sa abin kariyar nan na obalod da ke yanke wuta in mota ta fara jan abin da ya fi ƙarfinta.

Wani zai ce to mota ce, ai an san mota da nauyi. Fitila fa? Tsohon ƙwai mai zare, in yana sanyi, yana jan ninki goma zuwa sha biyar a farkon kunnawa. Fitilun LED na yanzu, da kowa ke yabo don ba sa shan wuta, sun fi shi mugunta a wannan fanni. A cikin kowace akwai kafasita, kafasitan da ba komai a cikinsa kuwa kamar an haɗa waya da waya ne a farkon shigar wuta. Fitila guda tana iya fizgar am gommai na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Jera ashirin masu wat 50 a harabar makaranta ko masallaci, lissafin Malam zai ba ka am 4.3, amma in aka kunna su gaba ɗaya abin da zai daki haƙoran ya haura ɗari. Haka cajar waya, haka talabijin, haka kwamfuta. Saboda wannan ne hukumar gwaji ta UL a Amurka ta fito da wani awo na daban da ake bugawa a jikin wasu rile: mai alamar TV-5 an gwada shi da fizgar am 78, mai TV-8 da am 117. Irin waɗannan akan yi haƙoransu da azurfa gauraye da sinadarin kuza, don ta fi jure mannewa. Rile biyu za su iya ɗaukar lambar am 10 iri ɗaya, ɗaya ya shekara goma a kan fitilun nan, ɗaya ya manne kafin sallah ta zagayo.

Sai maganar da ta fi tayar mini da hankali, wato rilen mota a aikin sola da na gida.

Wutar layi a ƙasar nan, wato AC, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka sau 100 a kowace daƙiƙa takan sauko ta zama sifiri. Duk sa'ad da ta sauko, harshen wutar da ya tashi tsakanin haƙora yana samun damar mutuwa. Wutar batir da ta farantin sola, wato DC, ba ta da wannan hutu, hanya ɗaya take bi ba ɗagawa. In harshe ya kama, ba abin da zai kashe shi sai nisan da ke tsakanin haƙoran. Hujjar ma tana rubuce a jikin ɗan shuɗin rilen, wurin da Malam ya ce a duba: layin sama am 10 a bolt 250 na AC, layin ƙasa am 10 a bolt 30 na DC. Daga 250 zuwa 30. Da ya tsaya ya tambayi kansa dalilin wannan faɗuwa, da bai rubuta abin da ya rubuta ba. In ka kai irin wannan rile bolt 110 na DC, abin da zai iya katsewa lafiya bai kai am ɗaya ba.

Wanda ke ganin bolt 48 ƙaramin abu ne ya je ya tsaya wurin mai walda. Harshen da ke narkar da ƙarfen ƙofa a kan bolt 20 zuwa 30 yake ci. Jerin batir na babbar inbata 48 ne, in ana caji ya haura 55, kuma yana iya tura am ɗaruruwa ba tare da ya gaji ba. Farantin sola guda yakan ba da bolt 40 zuwa 50 da rana in ba lodi, takwas a jere sun wuce 300. Rilen mota kuwa don tsarin bolt 12 aka yi shi, wanda ke kaiwa 14 in inji na aiki, na manyan motoci kuma 24. Lambobin ƙafafunsa da kowane rewaya ya haddace, 30 da 85 da 86 da 87, daga ƙa'idar Jamus ta wayarin mota suka fito, DIN 72552. A mota ba ya da na biyu, yana kunna ham da fitila da fankar lagireto shekara da shekaru. Fitar da shi daga mota ka ba shi bolt 48 da am 30 ya katse, ratar haƙoransa ba za ta iya kashe harshen ba, robar jikinsa ta narke, in akwai abin kamawa kusa ya kama. Rilen da aka yi don babbar wutar DC daban yake: ratarsa mai faɗi, da maganaɗisu a gefe da ke ture harshen ya tsinke, wasu ma a rufe suke ruf da iskar gas a ciki, kamar na motocin lantarki. Da yawansu akwai alamar ƙari da ragi a ƙafafun lodi, in ka juya su kariyar ta tashi aiki.

A wutar gida kuma haɗarin rilen mota ta wata fuska yake zuwa. Amfanin rile na biyu, bayan kunnawa da kashewa, shi ne ya raba ɓangaren ƙaramar wuta da mutum ke taɓawa da ɓangaren bolt 230. Rilen kirki na wutar gida akan bar masa tazarar milimita 8 tsakanin kwayil da haƙora, a gwada shi da bolt 4,000 ko 5,000. Ba wanda ya yi wa rilen mota wannan tanadi, don a mota ba a bukatarsa. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ga hanya ta buɗe daga wutar layi zuwa allon da yaro ke riƙewa da hannu. Wannan ya wuce asarar kaya, rai ake magana.

Haka zancen canjoba, wanda Malam ya ambata a cikin wuraren da ƙa'idarsa za ta yi aiki. Na san masu ɗaukar rile guda mai ƙafa biyar, su sa wutar NEPA a haƙori ɗaya, ta janareta a ɗayan, gida a tsakiya. Wutar biyu ba tare suke kai da komo ba, saboda haka akwai lokacin da bambancin da ke tsakaninsu ke kaiwa bolt 460, a kan ratar da ba ta kai kaurin farce biyu ba. In harshe ya haɗa su, janareta ya tura wuta cikin layi. Taransifomar unguwa ba ta san gaba da baya ba, yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa 415 haka za ta ɗaga in an ba ta ta baya, kuma wataƙila akwai ma'aikaci a kan fal-waya da ya tabbata layin a kashe yake. Kamfanonin rile da kansu suna gargaɗi a takardunsu kada a haɗa wuta biyu mabambanta ta wannan hanya. Canjoba na gaskiya kwantakta biyu ne, da sakata ta ƙarfe ko roba a tsakaninsu da ke hana ɗaya rufewa muddin ɗayan bai buɗe ba, ko da haƙoransa sun manne, sannan da ɗan jinkiri kafin a sauya. Babu adadin am da za ka ninka ya ba ka wannan sakata.

Duk rubutun Malam bai ce uffan a kan kwayil ba, alhali rabin rile ke nan. Yawancin ƙananan rile an lamunce za su kama in sun sami kashi 75 cikin 100 na bolt ɗinsu, wato mai 12 zai kama a 9. Amma a ɗaki mai sanyin digiri 23 aka yi wannan awo. Tagulla tana ƙara taurin wucewar wuta da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40 a inuwa, akwatin ƙarfe da ke rataye a rana kuwa, ga zafin kayan cikinsa, yana iya kaiwa 70. A nan bolt 9 ɗin nan ya koma wajen 10.7. Batirin da ya kwana yana aiki ya sauko 11, taransista ta ci nata, waya ta ci nata, sai ka ji rile na karkarwa, yana kamawa yana saki. Kowace karkarwa kunnawa ce da kashewa a ƙarƙashin lodi, a minti ɗaya sai ya yi tsufan wata guda. Kwantakta mai kwayil na AC shi ma an tsara shi ne ya yi aiki tsakanin kashi 85 da 110 cikin 100, wato daga wajen bolt 196 zuwa 253. Duk wanda ya taɓa sa mita a soket da magariba a unguwa mai cunkoso ya san wuta na sauka ƙasa da haka. In ƙarfen bai rufe sosai ba, kwayil ya yi ta jan wuta fiye da kima har ya ƙone. Mai aiki a irin wannan wuri dole ya sa abin da ke gadin bolt, ko ya nemi kwantakta mai kwayil da ke jure faɗi-tashin wuta.

Ga masu wasa da Arduino kuma, ƙafar guntun ATmega328P iyakarta miliam 40, an fi so a tsaya a 20, kwayil ɗin shuɗin rile mai bolt 5 kuwa yana jan wajen 70. Dole a sa taransista a tsakani, ko ULN2003, da dayod a gicciye kan kwayil don ya shanye bugun da ke dawowa in an yanke wuta. Wannan sananne ne, ba zan tsawaita ba.

Akwai kuma wani zato da ke ɓoye a cikin ƙa'idar ninkawa, cewa babba kullum ya fi aminci. Ba haka ba ne. Haƙoran azurfa suna yin dattin da ke hana wuta wucewa, ɗan tartsatsin lodi ne ke share shi. Shi ya sa takardun rile masu ƙarfi ke faɗin mafi ƙarancin lodi, sau da yawa miliam 100 a bolt 5. Ka ba irin wannan rile siginar na'urar awo mai miliam ɗaya, zai yi ƙara kamar ya kama, amma saƙon bai wuce ba, ka kwana kana neman laifi a inda babu. Ƙaramin sigina haƙora masu rufin zinare yake so. Su kuma in ka ɗora musu babban lodi sau ɗaya, zinaren ya ƙone, sun gama amfani.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a bakin abokan sana'a: ai mun yi ta sawa, yana kuma aiki. Gaskiya ne yana aiki, ranar da aka sa shi da watan da ya biyo. Rile ba fis ba ne da zai yanke nan take ya nuna maka ka yi kuskure. A hankali yake ci, kuma ranar da zai mutu mai gyaran ya daɗe da karɓar kuɗinsa, sai a ɗora wa wuta laifi ko a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Takardar shuɗin rile ta ce zai yi motsi sau miliyan 10 in ba lodi, sau 100,000 in da cikakken lodi. Adadin kamar mai yawa, sai ka kai shi injin ƙyanƙyasar ƙwai, irin wanda matasa ke ƙerawa yanzu suna sayar wa masu kiwon kaji. Don a riƙe zafi a digiri 37.5, a ce hita tana kunnuwa sau ɗaya a kowane rabin minti. Sau 2,880 ke nan a yini. Cikin kwana 35 an cinye 100,000, ƙwan kaza kuwa kwana 21 yake yi, wato ba a gama zubi na biyu ba an shiga lokacin da kamfani bai lamunce ba. In lodin bai kai cikakke ba zai ƙara kwana, amma ranar na tafe, kuma in ya manne a kunne ƙwan duka sun dahu. A irin wannan aiki rile marar haƙora ya dace, wanda ake kira SSR, don ba abin da ke motsi a cikinsa. Shi ma da nasa sharuɗɗan: yana fitar da zafin wat ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan kowane am, sai an ɗaura shi a ƙarfen sanyaya; yana yoyon 'yar wuta ko a kashe yake; in ya lalace yawanci a kunne yake mutuwa, don haka a sa masa wani abin yanke wuta na daban; kuma na AC in ka sa shi a DC zai kunna ya ƙi kashewa. Jabunsa ma sun yi yawa a kasuwa, a rubuta 40 a waje, abin da ke ciki bai kai rabi ba.

Wannan ya dawo da ni kan takardar da Malam ya raina. Shafi biyu ce ko uku, kuma duk mai wayar hannu zai same ta in ya rubuta lambar rilen a intanet. Ba sai an karance ta duka ba. Layin da ya faɗi am nawa ga irin lodinka, layin da ya raba AC da DC, layin bolt ɗin kamawa da zafin da aka yi awo a kai, da layin yawan motsi, su ne abin nema. Na yarda akwai cikas na gaske, da Turanci ake rubuta ta, Turancin ma na masana, yaranmu da yawa kuwa a shago suka yi karatunsu. Wannan dalili ne na mu zauna mu fassara musu, mu nuna musu da yatsa inda za su duba. Ni a wurina yaro ba ya sayo rile sai ya gaya mini abin da zai kunna, AC ne ko DC, sau nawa a yini, a ina akwatin zai zauna, da abin da zai faru in haƙoran suka manne cikin dare ba kowa a kusa. Tambayar ƙarshen nan ita ke nuna ko aikin na bukatar kariya ta biyu. Ban taɓa ganin yaron da ya kasa koyon wannan cikin mako guda ba.

Malam, kana da alƙalami mai sauƙin fahimta kuma yara na sauraronka, abin da da yawanmu ba mu samu ba. Ina roƙonka don Allah ka sake rubutu a inda ka yi na farko, ka janye maganar rilen mota a aikin sola da wutar gida, ka kuma bayyana cewa ninkawa sau biyu ta kayan zafi ce kaɗai. Kai kuma mai karatu, in ka riga ka sa rilen mota a layin batir mai bolt 48, ko a farantin sola, ko ka haɗa NEPA da janareta a kan rile guda a gidan wani, ka koma gidan a wannan makon, ka kashe wuta, ka cire shi.